Karatun Kwamfuta Ba Tare da Aji Ba: Waiwaye Daga Ƙasar Rano

A shekarar 2001 aka yi wasu abubuwa uku waɗanda a lokacin babu wanda ya hango alaƙar da ke tsakaninsu. A watan Janairu aka buɗe Wikipedia. A watan Afrilu jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar cewa za ta zuba kayan karatun darussanta a intanet, kowa ya ɗiba, ba ko sisin kwabo. A watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layin salula a Nijeriya. Mu a Rano da Kibiya labarin na ukun kaɗai ya iso mana, shi ma a rediyo, domin sai daga baya aka kafa mana turakun sabis. Na farko da na biyu kuwa, ko a birnin Kano waɗanda suka ji su ba su da yawa. Sai da aka shafe shekara goma sha wani abu kafin hanyoyin nan su haɗu a tafin hannun yaron da ke zaune a Rurum ko Tarai, har ya iya kallon darasin da ake koyarwa a Harvard. Sawun wannan tafiya za mu bi, amma sai mun ɗan ƙara komawa baya.

Neman ilimin boko ba tare da zama a aji ba daɗaɗɗen abu ne a ƙasar nan. Tun zamanin En'e, malaman firamare da akawuna da malaman gona kan yi karatu ta gidan waya. Mutum zai rubuta wa Wolsey Hall da ke Oxford ko Rapid Results College da ke Landan, a aiko masa da darasi a ambulan, ya zauna gaban fitilar ƙwai ya amsa tambayoyi, ya mayar, ya jira makonni kafin takardarsa ta dawo da gyaran jan biro. Da haka mutane da dama a faɗin Nijeriya suka ci jarrabawar GCE, wasu har digirin Jami'ar Landan. A Arewa ga Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, ga littattafai masu arha da ake bugawa a Gaskiya ta Zariya, daga baya ga Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980. Dukkansu sun ginu ne a kan yarda cewa in aka kai wa mutum takarda har inda yake, zai ƙarasa sauran da kansa. To amma ilimin kwamfuta ya zo da sharaɗin da takarda kaɗai ba ta cika shi. Sai da na'urar.

Ita kuwa na'urar, a farkon zuwanta ta gwamnati ce da jami'a da banki. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta samu tata, wadda yau take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Kwamfutar wancan zamani ɗaki guda take cinyewa, ɗalibi kuma ba ya taɓa ta. Zai rubuta umarninsa da yaren FORTRAN ko COBOL, a huda shi a jikin kati, kowane layi da katinsa, ya miƙa tarin katunan ta taga, ya dawo daga baya ya karɓi sakamako. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, zuwan nan ya tashi a banza.

A 1988 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojinta. Jihar Kano tana da nata abin alfahari tun 1977, wato makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, amma ga yawancinmu da muka yi makarantun gari, kwamfuta zane ce a jikin allo. Malam zai zana akwati mai kama da talabijin, ya rubuta sunan kowane sashe a gefe, mu haddace, mu ci jarrabawa. Inda aka yi sa'a aka samu guda ɗaya, tana ofishin shugaban makaranta an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, mai shiga wurinta sai ya cire takalmi. Yanzu abin dariya yake ba mu. Sai dai akwai horon da zamanin ya yi wanda ya yi ƙaranci a yau. Wanda ya rubuta ɗan shirin BASIC a littafin rubutu, ba shi da injin gwadawa, dole ya bi shi layi-layi da fensir, yana tambayar kansa: wace lamba ce a wannan ma'aji yanzu, ina za a nufa bayan wannan layi? Shi da kansa ya zama injin. Har gobe malaman da suka san abin da suke yi suna sa ɗalibansu yin haka kafin su bar su su taɓa madannai.

A shekarun 1990 kwamfutar tebur ta sauko kasuwa. Shagunan buga takardu suka jingine tafireta, makarantun koyon kwamfuta masu difloma ta wata uku ko shida suka cika benayen birni. Ana fara wa ɗalibi da saurin buga rubutu a Mavis Beacon, sai Word, sai Excel, wanda ya yi nisa ya kai CorelDraw. Sana'a ce mai albarka, ta ciyar da gidaje: katin biki, fastar siyasa, takardar neman aiki, da kundin kammala karatu irin na ɗaliban makarantar fasahar karkara da ke nan Rano, reshen kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Amma daga nan aka gaji wani ruɗani da har yau bai gama warwarewa ba. Aka ɗauka wanda ya iya sarrafa kwamfuta shi ne ya san iliminta. Uba zai ce ɗansa ya karanta kwamfuta, alhali abin da yaron ya iya shi ne tsara katin ɗaurin aure.

Sai ga 2001. Wanda bai ga farkon salula ba da wuya ya yarda cewa layi kaɗai, ban da kan wayar, ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Waɗannan wayoyi babu ruwansu da karatu. Intanet a lokacin a kafe take, kafe kuwa a birni. Mai bukata daga Rano sai ya yi sammako ya bi ta Bunkure ya ɓulla Ƙarfi, ya hau titin Zariya zuwa Kano, ya yanki tikitin awa ɗaya, ya zauna yana kallon shafi na buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, agogon da ke kusurwa kuwa yana ta cin kuɗinsa. Masu wayo suka gano kwanan kafe: a biya kuɗi ɗaya a rufe ƙofa da mutum tun bayan lisha har asuba, lokacin da jama'a suka ragu layin ya ɗan saki.

A irin waɗannan darare ne wasunmu suka fara cin karo da taskar MIT, wadda ta soma fitowa a 2002 da 'yan darussa kaɗan, ta yi ta ƙaruwa har ta kai 1,800 a 2007. Bidiyo ba ya saukuwa a irin wannan layi, sai takardun lacca da tambayoyin jarrabawa. Faifan filofi ba ya ɗaukar abin da ya kai megabayit ɗaya da rabi, ga shi zafi da ƙura kan kashe shi kafin a iso gida, shi ya sa zuwan filashi ya zama babban sauƙi. Ga mai farawa, shafin W3Schools, wanda yake nan tun 1998, ya fi MIT amfani nesa ba kusa ba, domin darasinsa gajere ne, ana iya kwafe shi a littafi da hannu kafin tikiti ya ƙare. Akwai ma kyautar da ta biyo tsohuwar hanyar gidan waya. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yakan aika faifan Ubuntu kyauta ga duk wanda ya cike fom, ko ina yake a duniya, bai daina ba sai 2011. Wanda ya taɓa karɓar ambulan daga Turai da sunansa a jiki, ya buɗe ya tarar da cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda aka halatta masa ya leƙa cikinta ya sauya abin da ya ga dama, ba ya manta ranar.

Sai dai kafe ta yi baƙin jini. 'Yan damfara sun mayar da ita ofis, hukumar EFCC da aka kafa a 2003 takan kai samame, iyaye kuma suka yanke hukunci cewa yaron da ke kwana a can ko dai macuci ne ko mai kallon abin da bai kamata ba. 'Ya mace kuwa ba a ma kawo maganar. Shi ya sa zubin farko na masu koya wa kansu kusan duk maza ne, 'yan birni, ko ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil, wadda ita ma a 2001 ta fara aiki.

Zamanin da ya fi ba mu sha'awa, wanda kuma ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, shi ne na ƙananan wayoyin Nokia masu Java, daga wajajen 2007 zuwa 2012. A nan ne intanet ta fara kwana a Rano. Opera Mini, manhajar wani kamfani na ƙasar Norway, takan ɗauki shafi ta matse shi a can wurinsu kafin ta turo, sai ya zama ko da sanda ɗaya ta sabis ana iya karatu. Aka shiga 2go, aka shiga Facebook. Kuɗin data babu, don haka samari suka bazama farautar abin da ake kira cit, wato wasu lambobi da adireshi da ake cusawa a saitin waya don a kewaye ma'aunin kamfani a shiga kyauta. Kamfani ya toshe yau, gobe wani ya fito da sabo, a rubuta a 'yar takarda a yi ta yawo da shi daga wannan majalisa zuwa waccan. Ba za mu wanke abin ba, cin haƙƙi ne. Amma yaron da ya kwana yana sauya adireshin IP da lambar ƙofa yana gwadawa ya gane da kansa cewa saƙonsa ba tashi yake ya faɗa Facebook kai tsaye ba, ta hannun wasu injuna yake bi, kowanne da adireshinsa da ƙa'idarsa. Darasin farko ke nan a ilimin sadarwar kwamfutoci, wanda a jami'a sai an yi nisa ake kaiwa gare shi.

Daga nan aka zarce gina shafi. Wapka da XtGem suna ba kowa fili kyauta, sai ya zama HTML na farko da yawancin wannan zubi suka rubuta, da babban yatsa suka rubuta shi, a madannan waya masu lamba, inda harafi ɗaya sai an danna sau uku, alamar buɗe umarni kuwa sai an shiga jerin alamomi an lalubo ta. Shafukan na waƙoƙi ne da hotunan 'yan fim da sakamakon ƙwallo da wa'azi, launinsu har kashe ido yake yi. Babu wanda ya kira wannan karatu a lokacin, su kansu masu yin ba su kira shi haka ba. Amma a nan suka koyi cewa inji ba ya karɓar uzuri: ka bar alama ɗaya, shafi ya wargaje, ka koma ka nemo ta da kanka. Mu kuma lura da wani abu, domin zai yi ta maimaituwa. Babu wanda ya koya shi kaɗai. Kullum akwai wani yaya a unguwa, ko mai gyaran waya a bakin tasha, wanda ya riga kowa sani, ake kewaye shi ana cewa, "Yaya, duba mini, ya ƙi buɗewa."

A can bakin teku kuma ana wani aikin da ba mu gani. A 2010 wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranta, ta fara aiki daga Fotugal zuwa Legas, ta Glo ma ta iso daga Ingila. Kafin su, wayar SAT-3 ce kaɗai, a hannun NITEL. Farashi ya faɗi a Legas, sai dai daga Legas zuwa Kano tafiya ce, daga Kano zuwa Kibiya wata tafiyar.

A ƙarshen 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ga duk mai so. Mutum 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Shekarar da ta biyo baya aka kafa Coursera da edX, Udacity ya fara koyarwa, darasin CS50 na David Malan ya fito daga Harvard zuwa duniya. Bambancin wannan da taskar MIT babba ne. A da takardu ake zube maka a ce ga su nan. Yanzu ga malam yana magana, ga aikin mako, ga injin da zai duba aikin ya faɗa maka ka ci ko ka faɗi. A 2014 Quincy Larson, malamin makaranta da ya koya wa kansa rubuta manhaja bayan ya haura shekara talatin, ya kafa freeCodeCamp. Stack Overflow da GitHub kuwa suna nan tun 2008, ɗaya wurin kai tambaya, ɗaya wurin ajiye aiki da leƙa na wasu.

A waɗannan darussa ne mai koya wa kansa ya fara ganin abin da makarantun difloma ba su nuna masa ba. A laccar farko ta CS50, Malan yakan ɗauko littafin lambobin waya, ya buɗe tsakiya, ya yage rabin da sunan da yake nema ba ya ciki ya jefar, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Mu ɗauka rajistar masu zaɓe ce mai suna miliyan ɗaya, a jere bisa haruffa. Mai bin su ɗaya bayan ɗaya zai iya duba miliyan ɗin kaf kafin ya dace. Mai rabawa biyu ba zai wuce duba 20 ba, in sunayen suka ninka zuwa miliyan biyu kuma, duba ɗaya tak ya ƙaru masa. Tambayoyin fannin ke nan: wace hanya ta fi gajarta, me ya sa, kuma za a iya tabbatar da hakan a takarda tun ba a kunna inji ba? Daga nan ake shiga yadda ake jera bayanai, da yadda inji ke lissafi da sifili da ɗaya, da manhajar da ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, da rumbun bayanai. A ganinmu darasin da ya fi kowanne wanke kai shi ne Nand to Tetris na Noam Nisan da Shimon Schocken. Ana fara wa ɗalibi da ƙwayar makunni guda ɗaya, ya yi ta harhaɗa ta har ya gina abin tara lambobi, ya gina ma'ajiya, ya gina ƙwaƙwalwar injin, ya rubuta mai fassara masa yare, a ƙarshe ya ɗora wasa a kai. Wanda ya gama shi, tsoron akwatin nan da aka lulluɓe da ƙyalle ya fita daga ransa har abada.

Duk wannan a ƙasashen waje ya faru. Isowarsa gare mu sai da babbar waya ta yi arha, Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin suka cika kasuwar Farm Centre, daga can suka gangaro ƙauyuka. Ko a nan ɗin ma, laccar awa ɗaya tana iya cinye datar mako. Sai karatun ya sake bin hannun 'yan tsakiya. Aka koma jiran garaɓasar tsakar dare, mutum ya sa ƙararrawa ya tashi ƙarfe ɗaya ya jera bidiyoyi suna sauka. Wanda ya sauke ya tura wa goma ta Xender ba tare da an kashe kwabo ba. Masu tura fina-finai a memori, waɗanda aka sani da fassarar Indiya da waƙoƙi, akan ajiye darussa a kwamfutarsu don wani ya zo ya kwasa. Shagon caji, mai tebur cike da soket da janareto na ruri a baya, ya zama wurin da ake haɗuwa, tunda wutar gari ba ta da tabbas. Kyauta ce a can inda ta fito, amma kafin ta kai Kahu ko Saji an biya kuɗin caji, an biya na data, an hana ido barci.

Marasa kwamfuta, waɗanda su ne mafi yawa, a wayar suka yi komai. SoloLearn ya koya musu ƙa'idojin yare, Pydroid ya ba su damar gwada Python, masu taurin kai suka sa Termux suka mayar da wayar ƙaramar Linux. Wani abin lura kuma shi ne yadda malaman Indiya suka karɓe fagen a YouTube, ga kuma laccocin NPTEL da manyan cibiyoyin fasahar ƙasar suka fara tarawa tun 2003. Kunnen da ya tashi da fina-finan Indiya ba ya jin Turancinsu baƙo, kuma salon koyarwarsu irin namu ne: allo, alƙalami, misali bayan misali, ba gaggawa. A ɓangaren gwamnati, abin da ya fi kowace manufa tasiri bai ma zo da sunan koyar da kwamfuta ba. JAMB ce ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta wajabta wa kowa a 2015. Daga ranar, duk ɗan sakandaren da ke son wucewa gaba, namiji ko mace, sai ya riƙe linzamin kwamfuta, uban da ke ganin abin shiririta ne shi ya koma biyan kuɗin gwaji.

Sai 2020. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, ƙungiyar malaman jami'o'i tana yajin aikin da ya ɗauki wata tara, ta sake yin wani na wata takwas a 2022. Ɗalibai suka dawo gida da wayoyinsu da lokaci mai yawa. Wasu suka koma gona, wasu suka buɗe shagon POS, wasu kuma suka buɗe darasin da suka daɗe suna cewa sai sun samu sarari. A wannan tsakani ne ƙungiyoyin da a da sai a birni ake ganinsu, irin su CITAD da Startup Kano da taron masu rubuta manhaja na Google, suka mayar da zamansu intanet, nisan Rano ya daina zama hujja. Arewa Data Science Academy ta zo tana horar da matasan Arewa kyauta. Darussa da Hausa suka yawaita a YouTube, wasu nagari, wasu kame-kame. Kuma a karon farko ƙofar ta buɗe wa waɗanda kafe ta rufe wa, domin budurwa ko matar aure tana iya bin darasi daga ɗakinta bayan ta sauke tukunya, in dai wayar tata ce ba ta aro ba.

To me ya sa masu farawa suke da yawa, masu gamawa 'yan kaɗan? Ba mu kaɗai ba ne, a duniya ma waɗanda ke kai ƙarshen irin waɗannan darussa ba su cika kai ɗaya cikin goma ba. Amma mu muna da ma'aunin gane dalilin a gida. A makarantar zaure babu aji, babu rajista, babu kuɗin makaranta, kowa da littafinsa da saurinsa, duk da haka ba a ɓata. Kowa ya san daga Ƙawa'idi sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, ba wanda ke ɗauko Mukhtasar a ranar farko. Ga malam da zai saurari bita ya ce koma baya, ga abokan karatu da za su lura in ka yi kwana biyu ba ka zo ba. Intanet ta ba mu littattafan duka a rana ɗaya, ba ta ba mu jerin ba. Sai ka ga yaro ya yi mako biyu a Python, wani ya ce masa JavaScript ake yayi ya koma can, ya ga tallan tsaron intanet ya sake sheƙa, shekara ta zagayo yana da darussa bakwai da ya fara, babu wanda ya sauke. Waɗanda suka tsara jadawalin OSSU da na Teach Yourself Computer Science wannan giɓin suka gani, suka jera darussan kyauta bisa tsarin digiri, wannan kafin wancan. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku, shi ma bai tsaya ga tura wa mutane bidiyo ba, ya haɗa da cibiyoyin da za a riƙa haɗuwa ido da ido.

Akwai kuma katanga biyu da data ba ta rushe su. Ɗaya Turanci, domin saƙon da inji ke bayarwa in an yi kuskure da shi yake zuwa, amsoshin da za a nemo ma haka. Ɗaya kuma lissafi. Ana iya gina shafi a sayar ba tare da shi ba, amma wanda ya nufi algoridim ko ƙirƙirarriyar basira zai tarar da aljabarar da ya gudar wa a sakandare tana jiransa a hanya. Bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake cika hatimin lambobi mataki-mataki har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Wanda ya ba ɗalibin kwamfuta irin wannan ƙa'ida a yau, aikin mako ya ba shi.

Sannan ga maganar takarda. Kamfanin da ke ɗaukar mutum aiki daga nesa aikinsa na GitHub yake dubawa, amma ma'aikatar gwamnati digiri da shaidar bautar ƙasa take tambaya, don haka masu hankali suke haɗa biyun: rajista a Wudil ko Bayero ko Buɗaɗɗiyar Jami'a don takarda, dare kuma don ainihin karatun. Satifiket na Coursera da edX da dala ake biya, ga shi a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Dala ta haura naira 1,500 a 2024, kwamfutar cinya 'yar gwanjo ta yi tsalle tare da ita, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya sauƙaƙa a 'yan shekarun nan shi ne caji, tunda faifan sola ya fara hawa rufin shaguna da gidaje.

A ƙarshen Nuwambar 2022 ChatGPT ya fito, mai koya wa kansa ya samu abin da bai taɓa samu ba tun zamanin ambulan: wanda zai tambaya ƙarfe biyun dare ya amsa nan take, ya maimaita sau goma bai ƙosa ba, har da Hausa, ko da yake Hausar takan yi tuntuɓe. Gyaran wannan tuntuɓe ma ya zama aikin 'yan gida, domin masu bincike na HausaNLP da Masakhane suna tattara rubutun Hausa suna tantance shi don injuna su koya. Matsalar sabon malamin ita ce saurin ba da amsa. Ɗalibi ya liƙa masa aikin mako, ya dawo masa da shi a warware, ya miƙa, inji ya ce ya ci, shi kuwa bai san me ya faru a tsakani ba. Masu CS50 sun ga haka da wuri. A 2023 suka gina nasu mataimakin, suka hore shi ya riƙa nuna wa ɗalibi wajen da kuskuren yake ba tare da ya rubuta masa amsar ba, suka kuma ƙayyade yawan tambayoyin da zai iya yi a jere, in ya cinye rabonsa sai ya jira.